Farfesa Victor Chude: Malamin da Ya Tsaya wa Ƙasar Noma

Farfesa Victor Okechukwu Chude yana cikin manyan masana ilimin ƙasar noma a Najeriya, kuma shi ne magatakarda na farko na Cibiyar Ilimin Ƙasar Noma ta Najeriya, wato NISS, mai hedikwata a Abuja.

Ya daɗe yana koyarwa da bincike a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, inda sashen ilimin ƙasa ke aiki kafaɗa da kafaɗa da Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda tarihinta ya faro tun 1922. Matsalar da malaman Samaru suka sa a gaba kowane manomin Arewa ya san ta: gona ta gaji. Yawancin ƙasar yankin jigawa ce, mai ƙarancin sinadaran naitrojin da fosfaros, kuma a wurare da dama ruɓaɓɓen ganye da saiwoyi da ke cikinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Bayan girbi a kwashe kara a yi danga, a kai wa dabbobi harawa, a bar gona tsirara ga iskar hunturu.

Wannan ilimi ba a aji kaɗai ake koyon sa ba. Ɗalibi sai ya shiga gona, ya ɗebo ƙasa mai zurfin kamar santimita 20 daga wurare daban-daban, ya gauraya a bokiti, ya shanya a inuwa, ya tankaɗe da rariya mai ƙofofin milimita 2, sannan a auna tsaminta da abin da ta rasa. Malamin da ya horar da ɗalibai a kan wannan haƙuri ya yi wa manoma aikin da ba kasafai ake gani a yaba ba.

Daga jami'a Chude ya koma aikin tsara manufofi a Abuja, a Shirin Ƙasa na Wadata Abinci. A Abujan ne shugabannin Afirka suka taru a 2006, suka ƙudurta ɗaga yawan takin zamani daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta kafin 2015. Sai dai yawan taki ba shi ne dacewarsa ba. Buhun takin NPK iri ɗaya ba zai biya buƙatar fadama da jigawa da jangargari daidai wa daida ba. Littafin jagora kan amfani da taki a amfanin gonar Najeriya, wanda Chude da abokan aikinsa suka shirya wa Ma'aikatar Gona ta Tarayya a 2012, ya ƙunshi shawarwari ne bisa irin ƙasa da irin shuka.

Ya shugabanci Ƙungiyar Masana Ƙasar Noma ta Najeriya, da kuma ƙawancen ƙasashen Afirka kan ƙasar noma a ƙarƙashin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO. A 2017 aka sa hannu a dokar kafa NISS, wadda ta ba ta ikon yi wa masana rajista da sa ido kan sana'ar.

A zamanin jagorancinsa ne cibiyar ta lashe lambar yabo ta Sarki Bhumibol ta 2021, wadda FAO da ƙasar Tailan ke bayarwa ga wanda ya fi ƙwazo wajen wayar da kan jama'a a Ranar Ƙasar Noma ta Duniya, 5 ga Disamba. Najeriya ce ƙasar Afirka ta farko da ta samu wannan lambar.