Jalen Hurts, Yaron Shagon da Ba Ya Aike

A kowace babbar kasuwar atamfa akwai wani irin yaron shago da maigida ke yaba wa a gaban mutane, ya kuma yi tsaki a kansa idan ya keɓe. Ƙaƙƙarfa ne, ba shi da ƙiwuya, ba a taɓa kama shi da ƙwange ba. Idan baƙo ya sari kaya ya ce a kai masa tasha, aikin yaron shi ne ya kira ɗan dakon da ya dace, ya ƙirga masa kayan, ya faɗa masa motar da za a sa wa, shi kuma ya koma kan ciniki. Amma wannan yaron sai ya leƙa waje, in bai ga ɗan dakon da ya saba da shi ba, ya naɗe gammo, ya ɗora dilar a ka, ya fice da kansa. Kaya za su isa lafiya, ko turmi ɗaya ba zai salwanta ba. Sai dai kafin ya dawo, masu saye uku sun leƙo, ba su ga kowa ba, sun wuce shagon gaba.

Wanda ya san wannan yaron zai gane shekaru huɗun da Jalen Hurts ya yi yana wasan ƙwallon Amurka a jami'a, daga 2016 zuwa 2019, tun kafin ya zama gwarzon Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwararru, a Fabrairun 2025.

Ita wannan ƙwallon, hannu ya fi ƙafa aiki a cikinta. Mutum 11 ne a kowane ɓangare, fili kuma yadi 100 ne daga gida zuwa gida, yadin nan dai da ake auna shadda da shi. Masu riƙe da ƙwallo ana ba su dama 4 su matsa yadi 10. In sun yi, a ƙara musu wasu 4. In sun kasa, ƙwallo ta koma hannun abokan karawa. Wanda ya shigar da ita gidan abokan karawa ya ci maki 6. Kowane farmaki daga hannun mutum ɗaya yake tashi, wanda ake kira kwatabak. Shi ake miƙo wa ƙwallo, cikin daƙiƙa 2 ko 3 ya karanta fili, ya jefa wa wanda ya zille wa mai tsaronsa, ko ya danƙa wa mai gudu da ke gefensa. A taƙaice, aikinsa aike ne.

To akwai wanda Allah ya haɗa masa hannu da ƙafa: ya iya jifa, ya kuma iya rungumar ƙwallo ya keta da kansa. Irin wannan ciwon kai ne ga masu tsaron gida. Idan kwatabak mai tsayuwa wuri ɗaya ya miƙa ƙwallo ga mai gudu, ya fita daga lissafi, an bar mutum 10 suna fama da 11. Idan kuwa shi ma yana iya gudu, dole a ware masa mai gadi. Har wata dabara ake yi: a bar mai tsaro ɗaya na gefe ba a tare shi ba, kwatabak ya zuba masa ido. In ya bi mai gudu, kwatabak ya zare ƙwallon ya bi ta inda ya bari. In ya tsaya jiran kwatabak, ya sakar wa mai gudu. Duk wanda ya zaɓa, ya yi kuskure.

Hurts ɗan Channelview ne, kusa da birnin Houston a jihar Teksas, kuma mahaifinsa ne kocinsa a sakandare. Tun a can yake shiga gasar ɗaga ƙarfe, yana tsugunawa ya miƙe da fam 500 a kafaɗa, sama da kilo 225. Da wannan jikin ya shiga Jami'ar Alabama, gidan koci Nick Saban, wanda a lokacin babu shagon da ya kai nasa ciniki. Filin wasansu na ɗaukar sama da mutum 100,000, shi Saban ya karɓi fiye da dala miliyan 11 a 2017, su kuwa yaran da ake zuwa kallo ba su da albashi a wancan zamani. Karatu kyauta, abinci da wurin kwana, da fatan wata rana a yaye ka zuwa gasar ƙwararru ta NFL. Duk wanda ya taɓa kwana a kan dila zai gane tsarin.

Karon farko da ya taɓa ƙwallo a wasan jami'a, a karawa da Jami'ar USC, sai ta suɓuce masa. Duk da haka Alabama ta ci 52 da 6, kuma daga wasa na biyu aka bar masa shagon yana ɗan shekara 18, abin da rabon a yi wa sabon shiga a Alabama tun 1984. A kakar nan ya yi jifa na yadi 2,780, ya yi gudu na yadi 954, aka zaɓe shi gwarzon masu kai farmaki a rukunin jami'o'i na SEC. A wasan ƙarshe na ƙasa, a Janairun 2017, saura minti 2 da 'yan daƙiƙu ya ratsa tsakiyar 'yan Clemson da gudun yadi 30 ya sa Alabama a gaba. Kwatabak ɗin Clemson, Deshaun Watson, shi ne ya ƙwace kofin da jifa, saura daƙiƙa 1, aka tashi 35 da 31.

Kakar 2017 ce ta fi koyar da mai lura. Jifansa 17 suka zama ci, kuma sau 1 tak abokan karawa suka cafke ƙwallon da ya jefa a duk shekarar. A takarda, wannan abin a jinjina ne. Amma a duba littafin da kyau. Calvin Ridley ya cafe jifa 63 a kakar. A duk ƙungiyar babu wani da ya kai 20, alhali akwai zaratan samari irin su Jerry Jeudy da Henry Ruggs da DeVonta Smith suna jiran a aike su. Ɗan dako ɗaya yaron ya amince da shi. In ya ɗaga kai ya ga an tsare Ridley, ba ya tsayawa neman na biyu da na uku, sai ya naɗe gammo. Wanda ba ya aike, ta yaya kayansa za su ɓata a hanya? Kuma tun da ƙafar tana biya, yadi 855 ta kawo a shekarar, babu abin da ya tilasta masa gyara. Ƙananan ƙungiyoyi ba su iya tare shi. Sai da Auburn ta toshe hanyoyin gudu ta doke su 26 da 14 aka fara ƙus-ƙus a fili.

Ranar 8 ga Janairun 2018, a Atlanta, wasan ƙarshe da Jami'ar Jojiya. Aka tafi hutun rabin lokaci Jojiya na da 13, Alabama ba ta da ko ɗaya. Hurts ya yi jifa 8, guda 3 suka isa, yadi 21 ke nan duka. Da aka dawo, sai ga wani sabon yaro bahago daga Hawai, Tua Tagovailoa, a wurinsa. Shi wannan ba ya tsoron aike. Ya jefa wata aka cafke, bai fasa ba. A ƙarin lokaci aka kayar da shi baya da yadi 16, kowa ya dafe kai, a dama ta gaba ya cilla ƙwallo yadi 41 ta sauka a hannun DeVonta Smith. Alabama 26, Jojiya 23. Mutumin da ya jagoranci wasa 28 ya ci 26 yana gefen fili, yana murna tare da wanda ya karɓe masa kujera, kyamara na kansa.

An zalunce shi? A ganina, a'a. Maigidan da ya ga kasuwa na tashi bai yi ciniki ba, ba ya duba wanda ya fi daɗewa a shago. Saban ya yi daidai, ko da abin da ciwo.

Abin da ya biyo baya ne mutane suka fi so su ba da labari, suna kiransa haƙuri. Haƙurin na nan, amma har da lissafi a ciki. A 2018 an fito da sabuwar doka: ɗan wasan da bai wuce wasa 4 ba a kaka, ba za a ƙirga masa shekarar cikin shekarun wasansa na jami'a ba. Kelly Bryant na Clemson, da aka zaunar da shi saboda Trevor Lawrence, ya tattara nasa ya nasa bayan wasa na huɗu, kuma babu mai ganin laifinsa. Kowa ya zaci Hurts zai bi sahu. Bai bi ba. Saura masa 'yan watanni ya kammala digiri, kuma a dokar lokacin mai digiri na iya komawa wata jami'a ya fara wasa nan take, wanda bai gama ba kuwa sai ya zauna shekara guda. Ga kuma sabon malamin jifa, Dan Enos, da aka kawo a shekarar. Yaron da aka mayar bayan shago sai ya zauna ya koyi abin da gudu ya hana shi koya: yadda ake dasa ƙafa, yadda ido ke tashi daga na farko zuwa na biyu zuwa na uku, da jure tsayuwa daƙiƙa ɗaya bayan zuciya ta ce a ruga. A ɗan lokacin da aka sa shi a kakar, yawanci bayan an riga an ci wasa, ya yi jifa 70, guda 51 suka isa.

Ranar 1 ga Disamban 2018, filin Atlanta ɗin dai, Jojiyar dai, wannan karon kofin SEC. Tua na ta fama, sau 2 ana cafke masa jifa, sannan a zango na huɗu ɗan ƙungiyarsa ya taka masa idon sawu bisa kuskure, aka fitar da shi yana ɗingishi. Jojiya 28, Alabama 21. Hurts ya sa hular kwano ya shiga. Abin kallo a nan ba gudun ba ne. Sau da dama a dama ta uku, inda a da zai runguma ya ruga, sai ya tsaya ya nemo mutum. Da matsi ya kore shi zuwa dama, ya gudu amma idonsa na kan fili, ya hango Jeudy ya jefa masa, aka yi kunnen doki. Jojiya ta gwada wata yaudara a tsakiyar fili ta tashi a tutar babu. Saura kusan minti 1, yadi 15 tsakaninsu da gida, sai ya ga hanya ta buɗe, ya ɗauki dilar da kansa. Aka tashi 35 da 28. Jifa 9 ya yi, 7 suka isa. Wannan karon ya ɗauka ne don ɗaukar ce ta dace, ba don ya rasa wanda zai aika ba.

A watan nan ya karɓi digirinsa, a Janairu ya nemi sallama. Ya zaɓi Oklahoma, wurin Lincoln Riley, kuma zaɓin ma na mai lissafi ne: Baker Mayfield da Kyler Murray, waɗanda suka lashe Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan jami'a na shekara, a 2017 da 2018, duk daga wasu jami'o'in suka koma Oklahoma, suka yi wasa a hannun Riley. Wasansa na farko, da Jami'ar Houston, ya tara yadi 508, ci 3 da hannu, 3 da ƙafa. A kakar baki ɗaya ya yi jifa na yadi 3,851 da ci 32, gudu na yadi 1,298 da ci 20, kuma kusan kashi 70 cikin 100 na jifansa sun isa, daga kusan kashi 60 a 2017. An cafke masa 8. Ni wannan 8 ɗin ta fi burge ni a kan 1 ɗin da ake yabo, domin ita ce shaidar ya fara aike zuwa tasha mai nisa.

Ba wai ya zama wani mutum daban ba ne. Riley ya gina tsarinsa a kan ƙafar yaron, har ya ɗauki ƙwallo sau 233, ya fi duk masu gudun ƙungiyar, kuma idan wasa ya yi zafi tsohon hali kan motsa. Ƙwallo kan suɓuce masa a inda bai kamata ba. A garin Waco, kurakuransa na cikin abin da ya sa Baylor ta yi gaba da 28 da 3. Shi ne kuma ya jawo su suka ci 34 da 31, ba tare da babban mai cafe musu CeeDee Lamb ba, wato dole ta sa ya raba aiken ga ƙananan yara. Ya zo na biyu a Heisman, bayan Joe Burrow na LSU. Da suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe, a Atlanta kuma, Burrow ya jefa ci 7 kafin hutun rabin lokaci, aka tashi 63 da 28. Nan wasansa na jami'a ya ƙare.

Akwai wata tsohuwar ɗabi'a a wannan wasa da ya kamata a faɗa. Yaron da aka ga ya iya dako, sai a fara cewa ai dakon ne sana'arsa, a ba wani littafin ciniki. Shekaru da dama haka aka riƙa yi wa baƙaƙen fata masu wannan matsayi a Amurka, ana mayar da su masu gudu ko masu cafe ƙwallo. An faɗa wa Lamar Jackson haka a 2018 duk da Heisman ɗinsa, an kuma yi wa Hurts irin tambayar kafin zaɓen 'yan wasa na NFL na 2020. Ya ce shi kwatabak ne.

A zaɓen na Afrilun 2020, Burrow aka fara ɗauka, Tua na 5, Justin Herbert na 6, Jordan Love na 26. Hurts sai a zagaye na biyu, na 53, ƙungiyar Eagles ta Filadelfiya ta ɗauke shi don ya zauna a bayan Carson Wentz, wanda bai cika shekara ba da sa hannu kan ƙarin kwantiragin dala miliyan 128. Magoya bayan ƙungiyar da yawa suka ce an yi asarar zaɓe. A Disamban shekarar aka zaunar da Wentz, aka sa shi.