In an soya mitfai, sunansa na nan ko ya koma samosa?

Da zarar azumi ya ƙarato, ko an sa ranar biki, akwai gardamar da ke tashi a tsakar gida daga Dingyaɗi zuwa Boɗinga har Shagari, ta ƙi ci ta ƙi cinyewa: abin nan da aka naɗe nama a cikin fulawa aka jefa a mai, mene ne sunansa? Wata ta ce mitfai ne. Wata ta ce ina, mitfai gasa shi ake yi, tunda ya shiga mai ya zama samosa. Ba a rasa tsohuwar da za ta leƙo ta ce, "Ku dai kuna da aiki. Wanga ai fanke na da yas samu arziki."

Masu cewa wuta ce ke raɗa suna suna da hujja, amma uwargida, duba yadda muke girki. Ba kowane gida ke da abin gashi na lantarki ko na gas ba. Mai haƙuri takan zuba yashi a ƙasan tukunya, ta ɗora faranti, ta gasa a kan gawayi. Mai yara biyar suna jiran a sha ruwa kuwa kasko za ta ɗora. Don haka kawai sai a ƙwace wa abinta suna?

A ganina kwaɓi ne ke raba su. Kwaɓin mitfai ana murza shi da bota, yana da kauri, a ninke shi kamar rabin wata, a danne bakin da cokali mai yatsu. Fallen samosa siriri ne, har kina hango yatsanki ta ciki, a naɗe shi kusurwa uku, a liƙe da ruwan fulawa. Ko a gasa ko a soya, haƙori ya san bambancin.

Samosa kuma ta girmi mitfai ɗinmu nesa ba kusa ba. Sunan daga Farisanci ya fito, Larabawa suka ce sambusak, shi ya sa alhazanmu kan dawo daga Makka suna cewa sambusa. Ibn Battuta, matafiyin nan na Maroko da ya ambaci Gobir a labarin tafiyarsa, ya tarar da ita a fadar Sarki Muhammad bin Tughluq a Delhi a ƙarni na 14, an cusa mata niƙaƙƙen nama da 'ya'yan itatuwa irin su almon da kayan ƙamshi. Yau a Indiya dankali ne ya fi yawa a cikinta, kuma ba wanda ya canza mata suna.

Kada ki ɗauka mu kaɗai ke wannan musu. A Italiya akwai taliya mai ciki: a murza kwaɓi, a sa cuku ko ganye ko nama, a rufe, a dafa a ruwa. Mai kusurwa huɗu ravioli, wadda aka lanƙwasa kamar zobe tortelini. Biranen Bolonya da Modena sun daɗe kowanne na cewa tortelini tasa ce, har a 1974 mutanen Bolonya suka kai tsarin haɗin cikinta ofishin ƙungiyar 'yan kasuwar birnin aka yi masa rajista. Abin lura gare mu shi ne a wannan haɗin akwai naman alade. In kin ga irinta a babban kanti, kada kalmar taliya ta ruɗe ki, karanta bayan leda tukuna.

Ita wannan taliyar, in ta nuna sai ta taso saman ruwa, sak ɗan wake. Shi ya sa masu rubuta girki da Turanci kan jefa su aji ɗaya. Ni ban yarda ba. Ɗan wake ba ya ɓoye komai: garin wake ne da na rogo da kuka da kanwa, mai da yaji kuma a fili suke a sama.

Inda wasan ke zama magana shi ne wurin kuɗi. Yawancin masu wannan gardama sana'a suke yi a cikin gida, yara su kai makaranta ko bakin kasuwa. Nama ya yi tsada, dankalin Turawa ma daga Jos ake ɗauko shi, albasa ce tamu. Sai ki sayi mitfai ki ɓare, albasa da ɗan dankali ne fal, naman sai kin sa tabarau. Samosa za ta iya tsira da haka, don sunanta bai yi wa kowa alkawari ba. Mitfai kuwa rabin sunansa nama ne da Turanci.

Mutanen Kwanwal a Ingila suna da nasu mai kama da mitfai, kuma tun 2011 doka ta tsare sunansa: sai an yi shi a yankin, naman shanu ya kai aƙalla kashi 12.5 cikin 100, kayan lambu kashi 25. Mu ba mu da mai awo, sai bakin maƙwabta, wanda ya fi doka saurin hukunci. Uwa ta ba ɗanta kuɗin tara, ya dawo ya ce babu nama a ciki, gobe gidan gaba za a aike shi.

Maganin ba wuya. In dankali da albasa kika sa, ki ce na dankali ne, ki sauke kuɗinsa. Mai nama ki huda shi sau biyu da cokali a sama, na dankali sau ɗaya, yadda yarinyar da ke ɗaukar tallar ma ba za ta rikice ba. In kifi ne ko kin sa gyaɗa a haɗin, ki faɗa, don akwai yaran da jikinsu ba ya ɗauka.

Saura alale mai dafaffen ƙwai a tsakiya. An rufe, an dafa, akwai abu a ciki, amma har yau ba a sami mai ƙarfin halin kiransa mitfai na wake ba.