GANDUN DAJIN GASHAKA, RANDAR RUWA A BISA DUTSE

Jama'a, kowa ya san hurumi. Fili ne da a ke bari a bayan gari, ba a nomansa, ba a gina gida a ciki, domin amfanin kowa da kowa. To, ƙasa ma tana da nata hurumi, shi a ke kira gandun daji. Wuri ne da Hukuma ta shata, ta ce kada a sari itace, kada a sa wuta, kada a harbi naman da ke ciki.

Sau da yawa a kan ji mutum yana gunaguni, yana cewa, "Ga itace, ga ciyawa, ga nama, an hana talaka. Ina amfanin dajin da ba a taɓawa?" Wannan tambaya ce mai kyau, ta kuwa cancanci amsa. Bari mu ɗauki gandun da ya fi kowanne girma a Nijeriya, mu ga aikin da ya ke yi.

INDA YA KE

Sunansa Gashaka-Gumti. Yana can gabas, a bakin iyakarmu da Kamaru, cikin Jihar Taraba da Jihar Adamawa. Wanda ya tashi daga Jega sai ya ratsa ƙasan nan daga wannan gefe zuwa wancan. In ya kai Jalingo ya bi ta Bali, sa'an nan ya isa Serti, inda babban ofishin gandun ya ke.

Dā gandu biyu ne, na Gashaka da na Gumti. A 1991 Gwamnatin Tarayya ta gama su, suka zama ɗaya. Ba za ku manta da wannan shekara ba, gama ita ce shekarar da aka yi Jihar Kebbi. Faɗinsa ya fi murabba'in kilomita 6,000.

Gefen arewa, watau Gumti, daji ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi, ya so ya yi kama da namu. Gefen kudu kuwa, watau Gashaka, duwatsu ne da kwaruruka da kurmi mai duhu. A nan dutsen da ya fi kowanne tsawo a Nijeriya ya ke. Sunansa Chappal Waddi, waɗansu su kan ce Gangirwal. Tsawonsa mita 2,419 in an auna daga bakin teku. Kamar a ɗauki dogayen giginyu ɗari ke nan, a ɗora wata bisa wata. Can bisa akwai sanyi ko da bazara, gajimare kuma ya kan sauko ya rufe itatuwa har ka kasa ganin wanda ke gabanka.

YADDA KURMI KE AJIYE RUWA

Daminar Gashaka ta fi tamu tsawo nesa ba kusa ba. Mu wata huɗu mu ke samu, su kuwa wajen wata bakwai. Ruwan da ke sauka can ya ninka namu sau biyu ko fi. To, ina duk ruwan nan ke zuwa?

Ga wata 'yar dabara da za ku gwada bayan an tashi daga aji. Ku cika buta biyu. Ku zuba ɗaya a kan faƙo, ɗayar kuma a gindin itace inda ganye ya taru ya ruɓe. Na faƙo zai gudu nan da nan, ya kwashi ƙasa ya tafi da ita. Na gindin itace kuwa zai nutse a hankali. Gobe in kun tona za ku tarad da laima.

Haka kurmi ke yi a bisa dutse. Ganye ya tare ruwan sama ya rage masa ƙarfi. Ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa ya sha shi kamar soso. Saiwoyi su riƙe ƙasa, su buɗe wa ruwa hanya ya shige ciki. Sa'an nan ruwan ya riƙa tsattsafowa kaɗan kaɗan ta idanun ruwa, har cikin rani. Idanun ruwa su haɗu su zama ƙorama, ƙoramu su haɗu su zama kogi.

Ashe kurmin dutse randa ce. Tana cika da damina, ana ɗiba da rani. In aka sare shi, an fasa randa ke nan. Da damina ruwa ya sauko gaba ɗaya, ya yi ambaliya, ya cinye gonaki. Da rani kuma kogi ya ƙafe, sai yashi.

Ruwan duwatsun Gashaka yana gangarawa cikin Kogin Taraba, Taraba kuma ya faɗa Binuwai. Namu Gulbin Zamfara, da ya ratsa Jega, yana faɗawa Gulbin Kabi, shi kuma ya faɗa Kwara. Kwara da Binuwai sun gamu a Lakwaja. Kun ga ruwanmu da nasu, duk nisan nan, a ƙarshe kwale-kwale ɗaya su ke ɗauka.

NAMUN DA KE CIKI

A fili mai ciyawa akwai ɓauna, da gwanki, da kanki, da gwambaza, da mugun dawa. A kurmi akwai damisa, da mazo, da gada, da wani ƙaton aladen daji baƙi. A kan duwatsu akwai gadar dutse, mai tsalle daga wannan fā zuwa wancan. Cikin koguna akwai dorina da kada. Tsuntsaye kuwa an ƙidaya wajen iri 500. Birai ma iri iri ne. Akwai bika, akwai wani baƙi da fari mai doguwar jela, wanda ba safai ya ke sauka ƙasa ba.

Amma wanda ya fi su suna shi ne biri mai ganga, wanda Turawa ke kira cimfanzi. Ƙato ne, baƙi, ba shi da jela. An ba shi sunan nan domin ya kan doki saiwar manyan itatuwa da hannu da ƙafa, ƙarar ta tafi nesa kamar ganga. Kowane dare ya kan lanƙwasa rassa ya yi sabon gado a bisa itace. Yana da dabara ƙwarai. Ya kan karyo sanda ya tono zuma, ya kan kuma tsoma tsinke cikin ramin ƙwarƙwasa, in sun hau ya suɗe. Masana daga wata jami'a a Ingila sun yi shekaru suna bin sawunsa a Gashaka, su suka rubuta waɗannan halaye.

Irin biri mai gangan da ke Gashaka babu shi ko'ina a duniya sai Nijeriya da Kamaru. Macen kuwa ɗa ɗaya ta ke haifa, ta yi kamar shekara biyar tana renonsa kafin ta sake haihuwa. Akuya ta haifi nawa cikin shekara biyar? Saboda haka in maharbi ya kashe uwa ɗaya, ba ƙaramar ɓarna ya yi ba.

WA KE SHUKA KURMI?

Ba wanda ya taɓa ɗaukar sungumi ya hau Chappal Waddi. Namun daji ke shuka shi.

Ku tuna da gawo. Shanu da awaki su kan ci 'ya'yansa, ƙwallon ya fita cikin kashinsu, damina ta zo ya tsiro, ga takinsa a gindinsa. Haka biri mai ganga da sauran birai, da cilakowa, da jemage ke yi wa itatuwan kurmi. Su ci 'ya'yan itace a nan, su kai ƙwallon can nesa. Waɗansu itatuwan ƙwallonsu babba ne, ba mai iya haɗiye shi sai babbar dabba. In babbar dabba ta ƙare, tsofaffin itatuwa za su mutu ba magaji.

Ga amsar mai gunaguni. Nama ke shuka itace, itace ke riƙe ruwa, ruwa ke raya mutum. Manomin albasa na Aliero ya san wannan magana. Kome tsadar albasa a kasuwa, ba ya sayad da ta iri. Gandun daji shi ne irin da ƙasa ta ajiye.

MATSALOLI

Kada ku zaci kome lafiya lau. Akwai ƙauyuka da rugage cikin gandun tun kafin a shata shi, an kuwa keɓe musu wuraren noma da kiwo. Fulani suna son tuddan nan domin sanyi ya hana tsando, shanu ba su cika kamuwa da sammore ba. Amma shanu sun ƙaru, fili bai ƙaru ba. Kowane rani a kan sa wa ciyawa wuta domin sabuwa ta tsiro, wutar kuwa ta kan lashi bakin kurmi, bana kaɗan, baɗi kaɗan.

Akwai masu farauta a ɓoye, da masu haƙar ma'adini. Bayan 2010 kuma aka shiga saran madobiya a Taraba, ana lodinta a manyan motoci, ana kai ta ƙasar Sin. Masu gadin daji da dama sun rasa rayukansu wajen tare ɓarayin itace da na nama. Zaki kuwa, da dā ya ke yawo a dajin nan, yanzu ba a jin rurinsa.

Doka kaɗai ba ta tsare daji. Sai mutanen da ke kewaye da shi sun ga amfaninsa a tukunyarsu. Shi ya sa a ke ɗaukar 'ya'yansu aikin gadi.

MU FA?

Mu ba mu da dutse kamar Chappal Waddi. Amma hukuncin ruwa ɗaya ne ko'ina. Rijiyar da a ke ban ruwan albasa da ita, ruwan damina ne da ya nutse cikin ƙasa. Ku tambayi dattawan Maiyama namun da suka sani a daji suna yara, da waɗanda suka rage yau. Ku tambaye su kuma ko gaɓa nawa ta guga a ke ƙullawa dā, nawa a ke ƙullawa yanzu.

Maƙwabtanmu na ƙasar Maraɗi sun ga irin wannan. Tun daga 1983 suka fara abin da su ke kira sassabin zamani. In manomi ya zo sassabe, ba ya ƙone kututture. Sai ya zaɓi toho biyu ko uku masu ƙarfi ya bari, ya sare sauran. Ba kuɗi, ba ban ruwa. Yau gonakin da dā su ke fili fetal sun cika da itatuwa.

To, ga abin da kowa zai iya. Ka bar gawo da kanya da tsamiya a gonarka. Kada ka sari itacen bakin gulbi. Kada ka sa wa daji wuta saboda gafiya ɗaya. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah ya sa mu gane.

TAMBAYOYI

1. A wace shekara aka gama Gashaka da Gumti?
2. Don me aka ce kurmin dutse randa ce?
3. Ina biri mai ganga ya samo sunansa?
4. Rubuta sunayen itatuwa uku da ke gonarka, da amfanin kowanne.