Tsohuwar kwamfuta na iya zama rumbun fayilolin gida, amma da sharaɗi

Ma'aikatan gwamnatin tarayya da dama da ke zaune a Kubwa, Lugbe, Nyanya ko Mararaba ba a ofis suke ƙare aikin yini ba. Bayan an sha fama da cunkoson hanya an yi sallar isha'i, sai a sake buɗe kwamfuta domin gyara jawabin da shugaba zai karanta da safe, ko kammala rahoton taron da aka bari rabi. A daidai lokacin uwargida na neman hoton takardar haihuwar yaro, ɗalibin gidan kuma na son buga aikin makaranta. Abin da ke sada na'urorin gidan da juna galibi ɗan filash ne mai yawo daga hannu zuwa hannu, ko kuma mutum ya tura wa kansa fayil ta WhatsApp.

Kowace daga cikin hanyoyin biyu na da illa. Filash ɗin da ya ziyarci shagon buga takardu kan dawo da cutar kwamfuta. Turawa ta intanet kuwa cin data ne, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data na kashi 50 cikin ɗari a watan Janairun 2025. Alhali rautar da ke raba intanet a falo tana iya kai fayil daga wannan na'ura zuwa waccan ba tare da ya fita daga gidan ba, kuma ba tare da an taɓa data ba.

Fasahar ba sabuwa ba ce

Tsarin da kwamfutoci ke amfani da shi wajen buɗe wa juna folda ana kiran sa SMB. Barry Feigenbaum ne ya ƙirƙiro shi a kamfanin IBM a farkon shekarun 1980, daga baya Microsoft ya ɗauka ya mayar da shi ginshiƙin musayar fayil a Windows. A 1992 Andrew Tridgell, ɗalibi a lokacin a wata jami'a da ke Kanbera ta ƙasar Ostareliya, ya fitar da manhajar da ta zama Samba, wadda ta ba kwamfutocin da ba na Windows ba damar shiga wannan zance. Shi ya sa a yau Windows da Mac da Linux, har da wayoyin hannu, ke iya karanta folda guda a gida ɗaya.

Yadda ake haɗawa

Matakin farko shi ne zaɓen kwamfutar da za ta zama rumbu. Tsohuwar kwamfutar cinya da aka jingine ta fi dacewa da yanayin Abuja, domin batirinta na riƙe ta idan aka ɗauke wuta, kuma ba ta wahalar da inbata. Haɗa ta da rauta ta igiya ya fi Wi-Fi sauri da tabbas.

Rauta kan ba kowace na'ura lambar adireshi, galibi mai farawa da 192.168, kuma lambar na iya sauyawa bayan an kashe an kunna. Don haka ake shiga shafin saitin rautar a keɓe wa rumbun lamba ɗaya ta dindindin, don kada sauran na'urori su neme shi su rasa.

A Windows, dole a fara shaida wa kwamfutar cewa wannan hanyar sadarwa ta gida ce, wato a zaɓi Private a maimakon Public. Daga nan a kunna damar ganin sauran na'urori da ta raba fayil da firinta, a kuma bar zaɓin neman kalmar sirri a kunne. Sai a buɗe wa kowane ɗan gida asusunsa, a zaɓi foldar da za a raba, a fayyace wanda zai iya karantawa kawai da wanda zai iya gyarawa ko gogewa. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba rumbun kwamfutar gaba ɗayansa, ko ba kowa izinin komai saboda gudun wahala. Folda ɗaya ta hotuna da takardun iyali, wata ta aikin makaranta, sun wadatar.

Daga wata kwamfutar Windows, ana rubuta alamar \\ sannan lambar adireshin rumbun a mashigar fayiloli. A Mac da iPhone ana farawa da smb:// kafin lambar, wayoyin Android kuma akwai manhajojin sarrafa fayil da ke yin wannan aiki. Idan komai ya yi daidai amma na'urorin ba su ga juna ba, sau da yawa laifin wani saiti ne a rauta ko MiFi da ke hana na'urori magana da juna, ko kuma ɗayarsu na kan layin baƙi.

Darasin 2017

Ƙofar da ke kawo sauƙi ita ce ɓarawo ke bi idan aka bar ta a buɗe. A ranar 12 ga Mayun 2017, wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bi ta wata ɓaraka da ke cikin tsohon zubin SMB na farko, ta kulle fayilolin kwamfutoci sama da 200,000 a ƙasashe kusan 150, tana neman fansar dala 300 kan kowace. Asibitocin gwamnati a Ingila sun soke dubban alƙawuran ganin likita. Abin takaicin shi ne Microsoft ya riga ya fitar da gyaran ɓarakar tun watan Maris na shekarar. Waɗanda abin ya rutsa da su ba su sabunta kwamfutocinsu ba ne.

Darasin a bayyane yake. A tabbatar tsohon zubin SMB a kashe yake, ko da wata tsohuwar firinta ta nace sai da shi. Kada a taɓa buɗe ƙofa mai lamba 445, wadda SMB ke bi, zuwa intanet ta saitin rauta. A sauya kalmar sirrin da rautar ta zo da ita daga kamfani. Mazauna rukunin gidajen da ake raba Wi-Fi ɗaya da maƙwabta su sani cewa duk wanda ke kan layin na iya ganin rumbun. Haka kuma tallafin tsaro na yau da kullum ga Windows 10 ya ƙare a ranar 14 ga Oktoban 2025, saboda haka tsohuwar kwamfutar da ba za ta ɗauki Windows 11 ba, gara a ɗora mata Linux da Samba.

Inda doka ta ja layi

Ga ma'aikacin gwamnati da hadimin mai riƙe da muƙami, batun ya wuce na fasaha. Tun watan Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka umarci ma'aikatan mataki na 12 zuwa ƙasa su yi aiki daga gida, takardun ofis suka saba da kwana a kwamfutocin gida. Sai dai Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 na nan daram, kuma ta tanadi hukuncin ɗauri ga wanda ya bari bayanan da aka keɓe a matsayin sirri suka isa hannun da bai dace ba. Dokar Kare Bayanai ta 2023 ita ma ta ɗora alhaki kan duk mai sarrafa bayanan mutane, irin su jerin sunayen ma'aikata da lambobin asusunsu.

Takardar majalisar zartarwa da aka ajiye a foldar da yaro ke shiga neman fim ta fita daga hannun mai ita, ko da babu wanda ya yi niyyar cin amana. Takardun aiki wurinsu na kan tsare-tsaren da gwamnati ta tanada, irin waɗanda Galaxy Backbone ke kula da su. Rumbun gida na iyali ne, kuma bai kamata kwamfutar ofis ta zama ita ce rumbun ba.

Rumbu ba madadin ajiya ba ne

Akwai kuma ruɗin cewa tattara komai wuri ɗaya ya kare shi daga ɓata. Ana cewa ba a zuba ƙwai duka a kwando ɗaya. Wutar da ta dawo da ƙarfi, ko ɓarawo, ko yaron da ya danna gogewa bisa kuskure, na iya tafiya da hotunan shekara goma a dare ɗaya. Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce kwafi uku, a kan ma'ajiya iri biyu, ɗaya daga ciki a wajen gida. A aikace, wannan na nufin wani faifan ajiya na daban da ake kwafa a kai duk mako sannan a zare shi, da kuma kwafin muhimman takardu a gidan ɗan'uwa ko a ma'ajiyar intanet mai kalmar sirri mai ƙarfi.

Aikin haɗawar bai fi na yammacin Asabar ɗaya ba. Abin da ke buƙatar ɗorewa shi ne sabunta manhaja a kai a kai, da duba jerin na'urorin da ke kan rauta lokaci zuwa lokaci, da cire asusun baƙon da ya gama hutunsa ya koma.