Zabura: Waƙoƙin da Suka Haɗa Guɗa da Kuka

Wanda ya buɗe Littafi Mai Tsarki ta tsakiya, galibi a kan Zabura zai sauka. Waƙoƙi ne 150, an kasa su kashi biyar, kuma da Ibrananci aka fara rera su. Guda 73 suna ɗauke da sunan Dawuda, sarkin Isra'ila, wanda 'yan'uwanmu Musulmi suka sani da Annabi Dawud mai Zabura. Akwai na Asaf da na 'ya'yan Kora, mawaƙan Haikali, sai ta 90 mai sunan Musa. Ta 117 aya biyu ce tak, ta 119 kuwa ta kai aya 176.

Don bakin jama'a aka tsara su. Daga ta 120 zuwa ta 134, waƙoƙin masu haurawa Urushalima ne lokacin idi. Daga ta 113 zuwa ta 118, har yau Yahudawa na rera su a Idin Ƙetarewa. Ta 150 kuwa ta jero kayan kiɗa, su ƙaho da molo da sarewa da kuge. Amma wadda ta fi kusa da kunnen Bahaushe ita ce ta 136: ayoyinta 26, kowace tana ƙarewa da jimla iri ɗaya. Jagora ya bayar, taro ya karɓa, daidai yadda makaɗi ke yi da 'yan amshinsa.

Shi ya sa da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, bayan wahalar masu fassara irin su Likita Walter Miller na mishan ɗin Zariya, Zabura ba ta yi baƙunta ba. A ikilisiyar da na tashi, Zumuntar Mata ce ta riƙe ta. Mahaifiyata ita ke buga tulu, wata na kaɗa caki, jagora ta ɗauki aya ta sa mata murya, sauran su amsa. Da yawansu ba su yi boko ba, amma a waƙa suka haddace abin da mu muke nema a takarda.

Abin da ke damuna shi ne ɓangaren da muka fara yarwa. A yau, da an kunna jita da lasifika, sai waƙar nasara da rawa har a tashi. Alhali kusan kashi ɗaya cikin uku na Zabura kuka ne. Ta 51 tuban Dawuda ce bayan laifinsa a kan Batsheba da mijinta Uriya. Ta 137 ta kamammu ce a bakin kogunan Babila, an raba su da gida, an kuma ce su yi waƙa. Ta 88 ta fara da ƙunci ta ƙare da ƙunci. Da farkon ta 22 Yesu ya ɗaga murya a kan gicciye. Waɗanda suka tattara littafin sun san cewa kai wa Allah ƙara ma girmama shi ne, domin ba a kai kuka inda ba a sa ran ji.

A sujadarmu ta Lahadi akwai gwauruwar da ta binne miji a makon jiya, akwai wanda rikici ya koro daga Borno ko Filato ya bar gona da rumbu. Idan waƙoƙinmu duka na guɗa ne, da wane baki waɗannan za su yi sujada?

Ƙa'idar Benedict ta ƙarni na 6 ta umurci masu zaman zuhudu su sauke Zabura duka a mako, ba tsallake. Ba na ce mu kai nan ba. Roƙona ga fastoci da shugabannin mawaƙa shi ne, kowace Lahadi a rera Zabura ɗaya daga farko har ƙarshe, a bi su a jere, mai daɗi da mai ɗaci, domin kowa ya sami rabonsa a gidan Ubangiji.