Inda Ake Yada Zango a Hamada

Yara, a Maraɗi ko Damagaram ko Tawa, in dare ya yi wa matafiyi a hanya, sai ya shiga gari ya yi sallama a ƙofar wani gida. A arewacin ƙasarmu ba haka abin yake ba. Daga Agadas zuwa Bilma tafiyar kilomita wajen 600 ce, kuma in ban da Fashi babu gari a tsakani. Ayarin raƙuman da ke zuwa ɗauko gishiri da dabino a fili yake kwana. Masu mota ma haka, ko sun zo da tanti, ko motarsu irin wadda ake yi wa ɗakin kwana a ciki ce. Wurin da aka sauka aka kwana, shi ne zango. A cikin ayari, madugu ne yake zaɓen shi, kuma ba a yi masa gardama.

Mu fara da ƙasar Abzin, ƙasar duwatsu. A tsakanin duwatsun akwai hanyoyin ruwa da ake ce wa kori. Kusan duk shekara kori a bushe yake. Rairayin cikin shi laushi gare shi kamar katifa. A gefe ga kandili, ga goruba, ga inuwa, ga itacen wuta. Baƙon da ya gaji, da ya gan shi sai ya ce ya samu wurin kwana. To, a nan ne haɗari ya fi yawa.

Ga dalili. A Abzin ruwan sama yakan sauka daga Yuli zuwa Satumba. Ba shi da yawa, amma in ya zo da ƙarfi yake zuwa. Dutse kuwa ba ya shan ruwa kamar yadda gonarmu take sha. Duk abin da ya zuba a bisa sai ya gangaro, ya taru cikin kori, ya nufo ƙasa a guje, yana tafe da kututture da duwatsu. Mai kwana cikin kori yana iya duban sama ya ga taurari tar, babu ko hadari, alhali can nesa a kan dutse an yi ruwa. Kafin ya farka ya naɗe tabarma, ruwa ya iso. A farkon Satumba na 2009 korin Telwa ya cika, ya fasa shingen da ke tsare Agadas, ya rushe dubban gidaje. Ruwan da ya ka da gidan ƙasa, me zai bar wa tanti?

Saboda haka mai hankali yakan hau tudu. Ta yaya zai san ya hau isasshe? Sai ya dubi itatuwan bakin kori. Zai ga busasshiyar ciyawa da ƙirare sun maƙale a jikinsu. Ruwan baya ne ya bar su a nan. Zango ya zama bisa da wannan shaida, ko da ƙasar wurin ta fi tauri.

Sai iska. Da hunturu tana busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura. Ana juya mata bayan tanti, a fake da dutse ko da jikin mota. Fatake a Tenere, inda babu abin fakewa, sukan jera dammunan ciyawar da suka ɗauko wa raƙuma, su yi katanga da su. Tudun rairayi ma yana tare iska, amma kada a kwanta dab da gefen shi mai tsayi, don rairayin wurin zamewa yake yi. Kada kuma zafin rana ya ruɗe ku. A Disamba da Janairu, a kan duwatsun Abzin, ruwa yakan yi ƙanƙara da dare.

Ba a yada zango a bakin rijiya. Wurin cike yake da kashin dabbobi da kaska da ƙudaje, kuma makiyaya suna bukatar hanya tun da asuba. A ɗebi ruwa, a cika salka da jarka, a matsa gaba.

Ba a kwana a kan hanyar mota kuma, domin manyan motoci suna tafiyar dare. Wataƙila kun ji labarin Itacen Tenere. Shi kaɗai yake tsaye a bakin wata rijiya, a kan hanyar Bilma, babu wani itace kusa da shi ko ta ina. Duk da haka a 1973 wata mota ta buge shi ya faɗi. Gangar jikin shi tana gidan tarihi na Yamai, an kafa na ƙarfe a madadin shi. Wanda bai kauce wa itace ba, ba zai ga mutum kwance cikin bargo ba.

Mai mota ya nemi ƙasa mai tsakuwa ya tsaya, hancin motar yana duban gangare. In ya tsaya cikin rairayi mai laushi, da safe ƙafafun motar za su nutse, a yi ta haƙa ana zufa, ana shanye ruwan da ya kamata a tanada. Ya kuma tsaya tun rana ba ta faɗi ba, don ido ya ga ƙasa. Kunama tana son ƙarƙashin dutse da ruɓaɓɓen itace. Akwai macijin da yake binne kanshi cikin rairayi, sai sawun shi kawai ake gani. A share wurin da sanda, ba da hannu ba. Da safe kuma, kafin a sa takalmi, a kife shi a kakkaɓe.