Bushewar Fata a Lokacin Hunturu da Hanyoyin Kula da Ita

Gabatarwa

Bahaushe ya bambanta sanyi da ɗari. Sanyi yana iya zuwa tare da laima, kamar na tsakiyar damina, amma ɗari busasshen sanyi ne da ke zuwa da hunturu, wato daga wajajen ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Maris. A wannan lokaci iska kan taso daga arewa maso gabas, ta ratso Hamadar Sahara, ta kwaso ƙura, musamman daga kwarin Bodele da ke ƙasar Cadi. Damshin da ke cikin iskar kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a garuruwa irin su Kano da Sakkwato da Damagaram. Saboda haka duk abin da ta taɓa sai ta tsotse masa ruwa, har da fatar ɗan'adam.

Yadda Fata ke Bushewa

Saman fata wani siririn rufi ne mai ɗauke da maiƙo, aikinsa shi ne hana ruwan jiki tsiyayewa. Idan iska ta bushe, ko aka wanke maiƙon nan da sabulu mai ƙarfi, sai ruwan ya ƙafe, fata ta tsattsage kamar laka a bakin kududdufi. Harshen Hausa ya tanadi kalma ga kowane mataki: da farko jiki ya yi furu-furu, sai ƙafa ta yi kaushi, daga nan diddige ya tsage, a ce ya yi faso. Dalilin da ya sa tafin ƙafa da na hannu suka fi shan wuya shi ne ba su da ƙwayoyin da ke samar da maiƙo kamar sauran sassan jiki. Leɓe ma kusan haka yake, kuma lasar sa ƙara busar da shi take yi.

Hanyoyin Kulawa

Babban abin lura shi ne, mai irin su basilin da man kaɗanya da alayyadi ba ruwa suke ƙara wa fata ba, tsare wanda ke cikinta suke yi. Don haka lokacin da ya fi dacewa a shafa mai shi ne da zarar an fito daga wanka, jiki na da sauran danshi. Wanda ya bari sai da jikinsa ya bushe ƙayau sannan ya lafta mai, bai samu cikakken amfaninsa ba. Haka kuma ya kamata a riƙa shafa ɗan mai a hannu da ƙafa bayan alwala ko wanke-wanke.

Ruwan wanka ya kasance mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, kuma kada a daɗe ana dirza da soso. Mai kaushi ya jiƙa ƙafarsa a ruwan ɗumi, ya goge da dutse a hankali, ya shafa basilin, ya kwana da safa. Yanke kaushi da reza, kamar yadda wasu ke yi, ganganci ne.

Matsayin Malami

A nan ne batun ya shafi mai koyon aikin koyarwa kai tsaye. A wajen duba tsafta da safe, akan hukunta yaron da jikinsa ya yi furu-furu da zaton bai yi wanka ba, alhali mai yiwuwa wankan ne ma ya jawo masa, ya dirje da sabulun wanki, kuma babu mai a gida. Irin wannan yaro bayani yake bukata, shi da iyayensa, ba bulala ba. Ajiye kwalbar basilin guda a aji bai fi ƙarfin makaranta ba.

Sai dai kuma ba kowane ƙaiƙayi ne na hunturu ba. Ƙazuwa, wadda ke tsananta da dare tana fitowa a tsakanin yatsu, da makero mai zagaye a ka, cututtuka ne masu yaɗuwa, mai ba ya warkar da su. Da zarar malami ya ga alamarsu, ko ya ga faso na zubar da jini ko mugunya, sai ya sanar da iyaye a kai yaron asibiti.